Kabewa mai nauyin tan guda da lambunan bakin Kogin Kaduna: Me ya raba su?

A watan Oktoban 2025, wasu tagwaye 'yan ƙasar Ingila, Ian da Stuart Paton, sun ɗora kabewa guda ɗaya a kan sikeli, ta auna kilo 1,278. Nauyin nan ya zarce na buhunan masara goma sha biyu masu cin kilo ɗari-ɗari, kuma da shi ne suka karɓe kambun duniya daga hannun Travis Gienger, wani malamin aikin gona na jihar Minnesota ta Amurka, wanda tasa kabewar ta kai kilo 1,247 a shekarar 2023. Ga wanda ya saba ganin kabewa a kasuwar Sabon Tasha ko ta Monday da ke Kakuri, inda mace kan ɗauki guda a ka ta kama hanyar gida, labarin zai yi kama da tatsuniya, ko kuwa wasan mutanen da suka ƙoshi.

Zargi na biyu yana da ƙamshin gaskiya, domin ba don ci ake noma irin wannan kabewa ba. Sai dai abin da ya ɗaga nauyinta daga kilo 180 zuwa fiye da 1,200 a cikin shekara ɗari da 'yan kai abubuwa uku ne da kowane manomi ke bukata: iri wanda aka san asalinsa, ma'auni wanda kowa ya yarda da shi, da hanyar rage asara idan shekara ta zo da gardama. Waɗannan ukun su ne masu lambu a kudancin Kogin Kaduna, daga Barnawa da Narayi zuwa Nasarawa, Kudenda da Unguwar Romi, suka fi rasawa, alhali shekarun da suke fuskanta sun fi na kowane ɗan gasa tsanani.

Yadda aka kai ga tan guda

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka ne. Dangin da ake gasa da shi, wanda masana ke kira Cucurbita maxima, ya fito ne daga kudancin nahiyar, kuma bayan tafiye-tafiyen Turawa na ƙarni na 16 ya bazu zuwa sauran duniya, har ya zauna a ƙasar Hausa ya zama ɗan gida a tukunyar miyar taushe.

Tarihin gasar ya fara ɗaukar hankali ne da wani manomin Kanada mai suna William Warnock, wanda ya kai kabewa mai kilo 181 baje kolin duniya na birnin Faris a 1900, sannan ya kai mai kilo 183 na birnin St. Louis a 1904. Wannan nauyi ya shafe fiye da shekara saba'in ba a wuce shi ba. Wanda ya sauya lamarin shi ne Howard Dill, manomi a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, wanda ya ɗauki shekaru yana zaɓen iri daga mafi girman kabeyinsa, yana haɗa na wannan da na wancan, har ya samar da nau'in da ya raɗa wa suna Atlantic Giant. A 1981 ya auna mai kilo 224. Kusan duk kabewar da ta kafa tarihi daga wancan lokaci zuwa yau jikanyar irin Dill ce.

Daga nan nauyin ya riƙa hawa kamar ana tura shi. A 1996 an kai kilo 481 a jihar New York. A 2012 Ron Wallace na jihar Rhode Island ya kai kilo 911. A 2014 Beni Meier na Suwizalan ya zama na farko da ya haura tan guda, da kilo 1,054. Mathias Willemijns na Beljiyam ya kai 1,190 a 2016, Stefano Cutrupi na Italiya ya kai 1,226 a 2021, kafin Gienger da tagwayen Ingila su zo.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan mutane ba ma'aikatan wata cibiyar bincike ba ne. Manoma ne da masu sha'awar lambu waɗanda suka amince da wani tsari mai sauƙi. Duk kabewar da aka auna, irinta na samun suna daga nauyinta da sunan mai ita, ana kuma rubuta wace ce uwarta, wane fure aka yi mata barbara da shi. Wanda ya karɓi ƙwayar iri mai suna "2009 Wallace" ya san ta fito ne daga kabewar da ta auna laba 2,009, zai kuma iya bin salsalarta baya kamar yadda masu dawaki ke bin asalin ingarma. Wata ƙungiya mai suna Great Pumpkin Commonwealth ce ke tsara dokokin awo, ta tattara sakamakon wuraren gasa na ƙasashe da dama a wuri guda, inda kowa zai iya dubawa. Saboda an san abin da ke cikin kowace ƙwaya, iri ya yi daraja: a 2016 wani kamfanin iri na Ingila ya biya fam 1,250 a kan ƙwaya ɗaya tak daga kabewar Meier.

Aikin da ke bayan girman

Ɗan gasa kan fara ne da aika ƙasar gonarsa ɗakin gwaji don ya san abin da ta rasa, ya gyara ta da taki tun kafin sanyi ya wuce. A watan Afrilu yake tsirar da iri a cikin ɗaki, ya dasa a watan Mayu a ƙarƙashin rumfar leda. Shuka guda tana cin fili mai faɗin murabba'in mita 60 zuwa 90, wato wurin da ya isa a gina ɗakuna biyar. Yayin da yaɗon ke tafiya, mai gona na bin sa yana binne gaɓoɓinsa da ƙasa, domin kowace gaɓa ta fitar da sabuwar saiwa, shukar ta riƙa shan ruwa da abinci ta wurare da yawa.

Kabewa tana fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. A gonar da aka bar wa Allah, ƙudan zuma ne ke ɗauko garin furen namiji ya kai wa mace, kuma babu mai iya cewa daga wace shuka ya ɗauko. Ɗan gasa ba ya yarda da haka. Yakan rufe furen macen tun da yamma kafin ya buɗe, da asuba ya yi barbarar da hannunsa da furen da ya zaɓa, ya ɗaure bakin, ya rubuta kwanan wata. Idan 'ya'ya suka kama, sai ya tsinke duka ya bar guda ɗaya, ta yadda duk sukarin da ɗaruruwan ganye ke haɗawa daga hasken rana zai zuba a cikinta ita kaɗai. Wani bincike da masaniyar tsirrai Jessica Savage ta jagoranta a Jami'ar Harvard, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa nau'in gasar yana da jijiyoyin ɗaukar abinci masu yawa fiye da sauran danginsa, wato hanyar da sukari ke bi zuwa cikin kabewar ta fi faɗi.

A makonnin da girma ya kankama, kabewar na iya ƙara kilo 15 zuwa 25 a rana guda, shukar kuma na shan ɗaruruwan litocin ruwa kullum. Ana lulluɓe ta da farin ƙyalle don kada rana ta ƙone ɓawon ya taurare, ana shimfiɗa mata yashi a ƙasa don ta riƙa zamewa yayin da take buɗewa. Nauyinta kan danne ta har ta baje kamar tulun da ya zauna kafin ya bushe. Kimanin kwana ɗari zuwa ɗari da ashirin bayan barbara, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ake yanke ta a ɗaga da inji zuwa wurin awo.

Idan shekara ta juya baya

Saurin girman nan shi ne kuma rauninta. Idan aka yi kwanaki babu ruwa sannan aka sheƙa mai yawa dare ɗaya, cikin kabewar kan kumbura fiye da yadda ɓawo zai iya buɗewa, sai ta tsage. A dokar gasa, duk tsagar da ta kai ga ramin ciki, ko ruɓewa mai zurfi, tana fitar da kabewa daga takara komai girmanta. Ƙanƙara na iya yayyaga ganyen cikin minti goma. Zafin da ya wuce maki 32 a lokacin barbara kan sa 'yar kabewar ta yi rawaya ta faɗi, abin da ya sa wasu ke jera kwalaben ƙanƙara kusa da furen. Damshi mai yawa na kawo funfuna a ganye da ruɓewar kara. Shekara guda bayan ya kafa tarihi, Gienger ya sake cin gasar garin Half Moon Bay na jihar Kalifoniya da kilo 1,121, wato ƙasa da nasa na baya da kilo 126, kuma da yanayin shekarar ya yi kuka.

Abin da ya bambanta ɗan gasa da sauran manoma shi ne asararsa ba ta tafiya a banza. Yana da shuka ta biyu da ta uku. Yana auna kewayen kabewar kowane mako yana rubutawa, ta yadda idan girma ya tsaya zai san ranar da ya tsaya da abin da ya faru a ranar. Irinsa yana hannun wasu manoma a wasu ƙasashe, don haka ko gonarsa ta mutu ƙurmus, zuriyar ba ta ƙare ba. Bayan haka kuma ba da kabewar yake ciyar da iyalinsa ba. Mai lambun bakin kogi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan garkuwoyi.

Za ta yi a Kaduna?

Amsar a taƙaice ita ce za ta tsira, za ta iya girman da zai tara jama'a, amma yanayin Kaduna ba zai ba ta abin da take samu a ƙasashen da ke kafa tarihi ba. Dalili na farko tsawon yini ne. A Minnesota rana kan yi fiye da awa 15 a sama a watan Yuni, a kudancin Ingila fiye da awa 16. Kaduna kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, yininta bai kai awa 13 ba ko a lokacin da ya fi tsawo, kuma a hunturu yana sauka zuwa kimanin awa 11 da rabi. Ƙarancin haske na nufin ƙarancin sukari.

Dalili na biyu zafi ne da ruwa. Nau'in gasar ya fi son rana mai matsakaicin ɗumi da dare mai sanyi. A Kaduna zafin Maris da Afrilu kan haura maki 35. Ruwan shekara, wanda ke kai kimanin milimita 1,200, yana zuba ne tsakanin Afrilu da Oktoba, mafi yawansa a Agusta da Satumba, daidai lokacin da kabewar damina ke cika. Marka na hana ganye bushewa, funfuna ta samu wurin zama, gajimare ya rage haske, ruwan kwatsam ya tsaga ɓawo. Ga kuma ƙudan da ke huda 'yar kabewa ya zuba ƙwai a ciki, da darɓa da farin ƙuda masu yaɗa cutar da ke murɗe ganye.

Taga mafi kyau ita ce noman rani: a shuka a ƙarshen Oktoba, a yi barbara a Disamba lokacin da daren hunturu ke sanyi, a girbe kafin zafin Maris. Amma a wannan lokaci kowane ɗigon ruwa daga injin ban ruwa zai fito, kuma yini yana kan gajartarsa. A nahiyar Afirka, inda gasar ta samu gindin zama shi ne Afirka ta Kudu, wadda ke nesa da tsakiyar duniya, tana da dogon yini a bazararta. A can ana gasa a garin Heidelberg na lardin Western Cape, kuma an auna kabeyin da suka haura kilo 800.

Akwai tambaya ta gaba: ko da za ta yi, wa zai ci? Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kabewar gasa ruwa ne, naman ba shi da garɗi, kuma ba ta jure ajiya. Bayan awo akan cire irin, sauran a ba dabbobi ko a mayar taki, a garin Windsor ma an sha fafe ta a yi tseren kwale-kwale da ita a shekarun baya. Kabewar gida kuwa tana da abin da waccan ba ta da shi. Namanta ja ne mai kauri, cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, tana kuma iya yin watanni a kuryar ɗaki ba ta lalace ba, ta kai iyali har bazara. Wannan ma sakamakon zaɓen iri ne, wanda manoma da matan gida suka yi shekara da shekaru ta hanyar ajiye 'ya'yan wadda ta fi daɗi da jure ajiya. Bambancin kawai babu wanda ya rubuta sunayensu a jikin irin.

Wahalar da ba daga sama ta zo ba

Mummunar shekarar ɗan gasa daga sama take saukowa. Ta mai lambu a Kaduna ta Kudu da Chikun, rabinta daga ƙasa take tasowa, daga shawarwarin da mutane suka yanke.

A fara da ruwa. Kogin Kaduna ya yi ambaliya mai girma a 2003, ya maimaita a 2012, kuma a shekarun baya-bayan nan kusan kowace damina ana gargaɗin mazauna unguwannin bakin kogi irin su Nasarawa, Romi da sassan Barnawa. A 2022 ambaliyar da ta mamaye ƙasar ta kashe fiye da mutum 600, ta raba fiye da miliyan guda da muhallinsu. Lambun fadama shi ne farkon abin da ruwa ke ci, kuma gine-gine a kan hanyar ruwa da magudanan da shara ta toshe suna ƙara masa ƙarfi. A rani kuma matsalar ingancin ruwan ce: masu bincike daga jami'o'in ƙasar nan sun sha auna ruwan magudanan Kakuri da Makera, waɗanda ke ɗauko dattin masana'antu da na gidaje su zuba a kogi, sun kuma sha bayar da rahoton samun gubar ƙarafa a ruwan da ƙasar da ake shayarwa da shi. Wannan ya shafi duk mai sayen alayyahu ko ugu a kasuwa, ba manomi kaɗai ba.

Sai mai da taki. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Injin ban ruwa da fetur yake aiki, don haka kuɗin shayar da lambu ya ninka sau da yawa cikin wata goma sha bakwai. Shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya tsayar da buhu a kan naira 5,500, amma zuwa 2024 buhun takin zamani ya haura naira 30,000 a kasuwanni da dama. Abin ya fi ciwo a wannan ɓangare na gari, domin a nan kudancin kogi aka kafa masana'antar takin sufa ta tarayya, wadda ta fara aiki a 1976, a yankin da masaƙun Kakuri suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata kafin su durƙushe. Da yawa daga iyalan da masaƙun suka sallama, noma a bayan gida da bakin rafi ne ya riƙe su.

Sai ƙasa da tsaro. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, kuma yawancin masu lambu a cikin gari aro ko haya suke yi, ba su da takarda. Wanda bai san ko baɗi filin zai zama rukunin gidaje ba, ba zai zuba takin shekara uku a ciki ba. A wajen gari kuwa, hare-haren 'yan bindiga a ƙaramar hukumar Chikun, waɗanda duniya ta ji labarinsu ta hanyar sace ɗaliban Jami'ar Greenfield da na makarantar Bethel Baptist a 2021 da na Kuriga a 2024, sun kori manoma da dama daga gonakinsu zuwa unguwannin bayan gari. Gona ta yi nisa, baki ya ƙaru a gari, matsi ya koma kan ɗan abin da ya rage na fadama. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma, kuma a Agustan shekarar matasa suka fito kan tituna, har aka sa dokar hana fita a Kaduna.

Gasar noma ba baƙuwa ba ce

Mai karatu na iya cewa mutanen da ke cikin wannan hali ba su da lokacin gasa. Tarihin ƙasar Hausa ya nuna akasin haka. A yankunan Katsina da Maraɗi, manomin da ya girbe dami dubu na hatsi yakan yi bikin dubu, a ƙirga damman a gaban jama'a, ya rabar da dukiya, sannan ya cancanci a kira shi Sarkin Noma. A gayya, samari kan yi tseren kunya makaɗa na zuga su. Noman duma ma zaɓen girma ne: manoman da suka samar da masakin da ke cin abincin taro, da goran da masunci ke hawa ya ratsa kogi, sun yi wa duma abin da Dill ya yi wa kabewa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, sikeli ne alƙali, kuma a 2020 kifi mai kilo 78 ne ya ci gasar. A zamanin En'e da bayansa, nunin amfanin gona ya kasance al'ada a larduna da ƙananan hukumomi, inda ake ba da kyauta ga mafi kyawun doya, dawa ko bijimi. Har yanzu ana yin nunin amfanin gona na ƙasa a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, amma tsakaninsa da mai lambu a Kudenda akwai tazarar da ta wuce ta kilomita.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Amfanin gasa ga manomi shi ne tana fito da na ƙwarai fili, ta sa a tambaye shi wane iri ya shuka, yaushe, da wane taki. A kasuwannin Kaduna da ido ake sayar da kabewa, a ɗaga a jijjiga a yi ciniki. Irin da ya yi kyau bana yana iya ɓacewa baɗi, domin ƙudan zuma ya gauraya shi da na maƙwabci, ko ambaliya ta tafi da shi, ko mai shi ya rasu. Jihar ta riga ta ga illar rashin tsare iri a 2023, lokacin da cutar funfuna ta cinye citta a Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye, manoma suka wayi gari babu amfani, babu kuma lafiyayyen irin da za su shuka a shekara mai zuwa.

Abin da ya kamata a auna, da wanda ya kamata a tambaya

Cibiyoyin da za su iya cike wannan giɓi suna nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Wayar da Kan Manoma ta Ƙasa duk suna Zariya, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana Ibadan da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Rumbun adana irin shuka na ƙasa, NACGRAB, shi ma yana Ibadan. Jihar Kaduna tana da hukumar bunƙasa aikin gona da malamanta, ko da yake a faɗin ƙasar malamin gona guda kan ɗauki nauyin dubban manoma. A 2021 an sa hannu a dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri, dokar da za ta fi amfanar wanda ke da takardu da lauya, muddin ba a rubuta irin da ke hannun ƙananan manoma da sunan al'ummarsu ba. Wanda kuma ke sha'awar gwada Atlantic Giant ya sani cewa shigo da iri daga waje yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, saboda ta irin wannan hanya ce sababbin cututtuka ke shigowa.

Gasar da za ta dace da kudancin Kaduna ba sai ta kwaikwayi ta Kalifoniya ba. Za a iya ba da kyautar mafi nauyi don jan hankalin jama'a, amma manyan kyaututtukan su tafi ga abin da ke ciyar da gida: yawan kilo daga fili mai faɗi ɗaya, kabewar da ta fi daɗewa a ajiye, wadda ta fi jan nama, da irin da ya tsallake marka ko ƙarancin ruwa. Sharaɗin shiga ya zama kawo kofi guda na iri da bayanin yadda aka noma, a raba irin gida uku: kashi ga sauran manoma, kashi ga makarantun sakandare, kashi ga cibiyar bincike. A auna ruwan da aka shayar da kayan da suka shiga gasar, a bayyana sakamakon. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron siyasa guda ba. Yana da wani amfanin kuma: tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kogin ya zama iyaka a zukatan mazauna Kaduna da yawa, amma kayan lambu ba su daina tsallake gada ba, kuma sikeli ba ya tambayar unguwar mai kaya.

Ga matashin da ke bibiyar harkokin mulki, tambayoyin a bayyane suke. A 2003 a Maputo, da 2014 a Malabo, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga noma, kuma kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Daga abin da jiha ke warewa, nawa ne ke zuwa ga kayan lambu da malaman gona, nawa ke ƙarewa a rabon taki na rana ɗaya? Sashen noma na ƙaramar hukuma a Makera da Kujama, yana da jerin sunayen masu lambun bakin kogi? Hasashen damina na hukumar NiMet da na ambaliya na hukumar NIHSA, waɗanda ke fitowa tun farkon shekara, da wane harshe kuma ta wace hanya suke isa ga mai shuka? A taswirar tsara birni, akwai fadamar da aka keɓe don noma wadda ba za a yanka filaye a cikinta ba? Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne sa'ad da ake muhawarar kasafi a majalisa a ƙarshen shekara, tun ruwan Agusta bai kai bakin gada ba.

Gasar Half Moon Bay, wadda ta biya Gienger dala 30,000 a 2023, ta fara ne a 1974 a matsayin ɗan taron gari. Kabewar da ta zo ta ɗaya a wannan shekara kilo 60 ce. Abin da suke da shi a lokacin sikeli ne guda, da wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta nauyin.